Akwati Marar Fanka

Litinin, 2 ga Yuni, 4:40 na yamma

DVD ɗin Mama ya mutu yau. Na dawo daga shago na tarar da ɗaki yana warin ƙonanniyar roba, Ya Yagana maƙwabciyarmu tana tsaye a kansa tana yi masa fifita da mafici. Na buɗe cikinsa don dai kada a ce ban buɗe ba. Babu abin tsinta sai sukurori.

Shekara goma yana aiki, ya yi iya yinsa. Amma shi kaɗai ne ke zaunar da Mama. In aka sa mata faifan zumuntar mata na cocinmu na can kan dutse, sai ta zauna a tabarma tana kaɗa kai, har ya maƙale a inda ya saba maƙalewa, wajen minti ashirin, Ya Yagana ta leƙo ta sake dannawa. Haka suke yini har in taso daga buga wa ɗaliban poli takardu. In babu shi, ƙarfe goma ba ta yi sai Mama ta ɗaura ɗankwali ta ce za ta gida. Gidan da take nufi yana bayan Michika, kuma tun shekarar gudu, da mahara suka kore mu, babu ko jinka a kansa.

Yau a bakin titi aka tare ta, tana tsayar da keke.

Talata, 3 ga Yuni, 6:30 na safe

Ban gaya wa Yaya Zira ba. Wani ya gaya masa. Mutanen unguwarmu Lokuwa ke nan, ka yi atishawa a ɗakinka a yi maka sannu daga Yola.

"Ƙauna, sau nawa ke nan a wata biyu?"

Na ce uku.

"Biyar. Ni ma ina ƙirgawa."

Ya ce ran Asabar 28 ga wata zai zo da mota ya kai ta gidan addu'ar nan na bayan Gella. Ya san Ya Yagana za ta tafi Maiduguri ran 22, 'yarta ta kusa haihuwa. "Wa zai danna mata faifan? Ke za ki bar shagon mutane ki zauna? Me za ku ci? Ko kulle ta za ki sake yi, kin manta yadda kika tarar da hannunta?"

Ban manta ba.

Na ce ya ba ni zuwa ranar. Zan haɗa mata ƙaramar kwamfuta da za ta riƙa nuna hoton a talabijin ita kaɗai, ba dannawa, ba maƙalewa, ba ruwanta da NEPA. In Mama ta yi mako ɗaya tana zaune ba mai tsaronta, zai bar min ita. Ya ce to.

Na taɓa raka wata mata wancan gidan. Na ga ƙafafun matan da ke zaune a gindin bishiya. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Laraba, 4 ga Yuni, 1:15 na rana

Jiya da yamma na aro tsohuwar laftof ta shago don in gwada. Minti biyar lafiya lau. Da ta yi zafi sai fankarta ta tashi, wuuu. Kafin in juya Mama ta suri ƙullin kayanta tana bin bango, tana cewa da yarenmu jirgi ya zo, ina yaran, a kwanta a ƙasa. Sai da na kwanta tare da ita a siminti har ƙarar ta fita daga kanta.

To an yanke magana. Duk abin da zan haɗa, babu fanka.

Na je wurin Gabdo, mai sayar da kayan kwamfuta na hannu a bayan babbar kasuwa. Na karanto masa abin da nake so: madabod ƙarama, wato allon da kayan cikin kwamfuta ke hawa, wadda furosesarta ke manne a jiki ba fanka, kuma tana shan wuta kai tsaye daga batirin sola, domin inbata ma tana da fanka, ga ƙarar tit-tit. Ya cire tabarau ya kalle ni.

"Anti, kwamfuta ba fanka? Ai saniya ce ba wutsiya. Zafin Mubi zai cinye shi."

Na ce ba wasan mota za a buga da ita ba, hoto ɗaya za ta nuna.

"Hoto ɗaya? Duk wannan wahala?"

Na ce e. Ya ce akwai irinta a Kano, wajen wani abokinsa, an ciro daga injin kanti. Amma jibi Sallah, sai bayan layya.

Juma'a, 6 ga Yuni, 5 na yamma

Sallah. Ya Yagana ta kawo nama. Mama ta karɓa ta yi godiya sosai, sannan ta nuna ni ta ce a ba 'yar NEPA ma, tun safe tana aiki.

'Yar NEPA. Saboda kullum da waya a hannuna take ganina. Na yi dariya, Ya Yagana ba ta yi ba.

Lahadi, 8 ga Yuni, 12 na rana

Ban je sujada ba. Mai sa wa cocinmu ido a lasifika ya sayi sabuwar fanka ta tsaye, ba zan iya kai Mama ba.

Talata, 10 ga Yuni, 7 na safe

Na ɗauki hutun kwana uku a shago. Oga ya ba ni da fuskar da ke cewa na huɗu babu.

Faifan yana nan a teburi, ɗaya ne tal. Shi ta ɗauko a ƙulli ranar gudu ta bar takardun gona, Baba ya yi ta mita a hanya. Bayansa duk ƙarce ne. Na shafa masa man goge baki na goge da tsumma mai laushi, na sa a laftof a ɗakin girki, inda Mama ba za ta ji fankar ba. Minti ashirin ɗin farko sun kwafu ba gardama. Sauran minti talatin da takwas sun ƙi. Na bar wata manhaja tana karanta wurin da ya lalace, tana maimaitawa, kullum kaɗan-kaɗan. Tun da muka dawo daga gudu ba wanda ya ga abin da ke bayan minti ashirin.

Na duba kwafin don in tabbatar. Minti goma na kalla, na kashe kafin marigayi Baba ya fito a hoton. Ya isa.

Alhamis, 12 ga Yuni, 3:20 na rana

Madabod ta iso a motar Kano, an naɗe ta a jarida da ledar burodi. Faɗinta bai wuce tafin hannu biyu ba, da wani ƙarfe mai haƙora a kan furosesar kamar matsefi, shi ke shan zafin. Na rungume ta a keke har gida.

Sai na ga ram ɗin da na saya tun makon jiya, sandar memorin kwamfuta, dogo ne, na babbar kwamfuta. Wannan gajere take ci, irin na laftof. Ni da nake koya wa yaran poli bambancin su. Na zauna a bakin gado na yi kuka a kan sandar ram, wallahi kamar an yi min mutuwa. Mama ta shigo ta dafa kaina ta ce kada in damu, za a kawo wutar.

Juma'a, 13 ga Yuni, 11 na safe

Gabdo ya karɓi dogon ya ba ni gajere. Ya zube min zaɓi a kan kanta: ko ram mai giga takwas da 'yan sifikokin roba, ko mai giga huɗu da wasu sifikoki biyu na katako da wani malami ya sayar zai koma Jos. Abin da ke jakata ba zai ɗauki duka ba.

"Ɗauki takwas, Anti. Kowa takwas yake ɗauka."

Na ce ya jona na katakon in ji. Ya sa labarai. Muryar mai karantawa ta fito tas, har numfashinsa kana ji. Sifikar tsohon DVD ta fashe tun da daɗewa, ganga da tulu kawai Mama ke ji, muryoyin matan sun zama ƙugi. Ina so ta ji muryoyin. Akwai na Mama Kwarmba a ciki, akwai na Inna Masi, duk sun riga mu.

Na ɗauki huɗu da katako. Ma'ajiya kuma na ɗauki irin wadda ba ta juyi, ƙarama, saboda mai juyi tana yin ƙas-ƙas. Gabdo ya ƙara min wayar hoto kyauta ya ce, "Useko," godiyarsu ta Fulatanci, "Allah ya ba Mama lafiya." Ban taɓa gaya masa don Mama ba ne. Lokuwa dai.

Asabar, 14 ga Yuni, 6 na yamma

Ta fita. Ina wanka. A gindin turansufoma na kamo ta.

Shida.

Litinin, 16 ga Yuni, 4:50 na yamma

Babu akwatin da ya dace da madabod ɗin a duk kasuwa, masu dacewar kuma da fankarsu suke zuwa. Na kai wa kafinta Jatau awo. Ya tambaya ko gidan zomo ne. Na ce ya dai huda ramuka sama da ƙasa iska ta wuce. Ya yi shi da ragowar katakon kujera, ya shafa masa fenti ruwan ƙasa, bai yi kyau ba ko kaɗan. Araha ba ta ado.

Akwai wata 'yar fitila shuɗiya a jikin madabod. Mama ta leƙa ta rami ta ce wani yana kallonta. Na liƙe ta da baƙin salatif.

Yaya ya kira. Bai tambayi kwamfuta ba. Ya tambaya ko tana cin abinci, ko ƙafarta ta daina kumburi. Ina so in tsane shi, abin ya ƙi. Shi ya goya ta a baya daga Mubi har kan iyaka, yana ɗan shekara ashirin da shida, takalminsa ɗaya.

Laraba, 18 ga Yuni, 7:10 na safe

Ya tashi!

Na jona batir, na ƙirga goma sha tara, sai ga matan zumunta sun cika talabijin cikin ankonsu. Ba dannawa. In ya kai ƙarshen minti ashirin ya koma farko da kansa, ko ƙiftawa ba ya yi. Na kara kunnena a jikin katakon, shiru kamar tukunyar da ba a ɗora ba. Na taɓa ƙarfen bayan awa ɗaya, ɗumi ne kawai.

Mama ta baro tsintsiya ta zo ta zauna. Da Inna Masi ta ja baiti sai ta ɗaga hannu ta ce, "Masi ke nan, kullum sai ta riga ganga." Ta kira suna. Wata nawa rabon da ta kira sunan wani daidai?

Na fita tsakar gida kafin minti na goma sha ɗaya. Ya Yagana ta ce min in Baba ya wuce da benci a kai, Mama kan ce wannan mutumin yana da kirki, kullum yana taimakon mata.

Juma'a, 20 ga Yuni, 5 na yamma

Kwana uku ba ta taɓa ɗankwali ba. Ina jin tsoron rubuta wannan.

Lahadi, 22 ga Yuni, 2 na rana

Ya Yagana ta tafi. Ta tsaya a ƙofa da jakarta ta ce, "Ƙauna, in abu ya fi ƙarfinki ba laifinki ba ne." Na ce mata ta gaishe da mai jego. Ba na son irin wannan maganar, tana kama da ta'aziyya.

Na ɗinka lambar wayata a bakin duk zannuwan Mama, har da ankon zumunta da ke ƙasan akwati.

Litinin, 23 ga Yuni, 4:30 na yamma

Ranar farko ba mai tsaro. Na bar mata kunu da ƙosai a gefen tabarma, na ɗaure sakatar waje da waya, na tafi. A shago na buga wa wani yaro babi na uku sau biyu, ya biya bai lura ba.

Na dawo na same ta inda na bar ta. Ta sha kunun. Batir bai ko kai rabi ba.

Na aika wa Yaya hoto. Ya amsa da kalma ɗaya: ɗaya.

Ga kuma wani abin. Manhajar nan ta gama. Kwana goma sha uku tana cizon faifan, yau ta fitar da shi cif, minti hamsin da takwas. Na ja shi da sauri don in ga bai yanke ba, hoto lafiya har ƙarshe. Ban saurara ba, ban tsaya ba, saboda Baba yana gilmawa nan da can. Gobe zan sa mata cikakken. Shekara goma tana cin rabin tuwo, ta ci ƙoshi.

Talata, 24 ga Yuni, 7 na safe

Na sa mata. Na ƙara murya kaɗan. Ana yayyafi.

Talata, 6:40 na yamma

Ƙarfe biyu da rabi baƙuwar lamba ta kira. Wani Abdulrashid, ɗan kamasho a tashar da ake lodin Michika.

"Madam, kai ne mai lamba a zani? Mama ya zo nan tun sha ɗaya. Ya ce ana kiran sunanshi a coci, ya makara. Mun ba shi benci ya ƙi zauna. Tirela na shanu ya kusa taka shi a shataletale."

Na same ta tsaye a ruwa cikin ankon zumunta, ɗaurin ɗankwali daidai yadda doka ta ce, ƙafa ɗaya ba takalmi, yatsan yana jini. Tana bin motoci tana roƙon direbobi su yi sauri.

Na kira Yaya da kaina. Gara ya ji daga bakina.

Laraba, 25 ga Yuni, 5:45 na safe

Na zauna na kalle shi duka. Abin da ya kamata in yi ran Litinin.

A minti na arba'in da ɗaya waƙa ta tsaya, sakatariya ta buɗe rajista. Haka ake yi a zumunta: a kira sunan mace, ta miƙe ta amsa da ayar da ta haddace, sannan a rubuta ta zo. Wadda ba ta amsa ba a ja mata layi. Mama takan ce shekara talatin ba a taɓa ja mata layi ba. Sai aka zo kan sunanta.

"Margret Tizhe."

Shiru.

"Margret Tizhe."

Mai kyamara ya juya kan benci, ga gurbi tsakanin mata biyu.

"Margret Tizhe." Sannan ta sunkuya ta ja layin. Sifikokina na katako sun fito da shi tas, har ƙarar biro a kan takarda.

Ta ji shi ƙarfe takwas saura, ta sake ji tara saura, ta sake ji goma saura. Ita kaɗai a ɗaki ana kiranta, kuma na san ta miƙe ta amsa, kuma matar ba ta ji ba ta ja layin. Da haƙori ta kwance wayar sakata, na ga alamar.

Akwai kwanan wata a kusurwar hoton. Na daɗe ina kallonsa kafin na gane. Makon da na kwanta a asibiti da taifot ne, ina aji biyar. Tana gefen gadona. Ashe an taɓa ja mata layi sau ɗaya, kuma ba ta taɓa gaya min ba.

Garin neman gira na rasa ido. Rabin tuwon ya ishe ta, ni ce bai isa ba.

Laraba, 1 na rana

Na yanke wurin. Minti biyu ya ɗauke ni. Minti biyu.

Na gaya wa Yaya na gyara. Ya ce, "Na yarda kin gyara. Gobe kuma me za ta ji? Ƙauna, ni ba zan je in karɓo uwata a ƙarƙashin tirela ba." Ya ce ba zai jira Asabar ba.

Na ajiye wayar.

Alhamis, 26 ga Yuni, 8 na safe

Na mayar da tsohon mai minti ashirin. Ba ta ko kalli talabijin ba. Ta ƙi cire ankon. Tana tsaye a bakin ƙofa tana tambayar duk mai wucewa ko an rufe rajista.

Ban je shago ba. Oga ya kira sau biyu.

Alhamis, 4 na yamma

Na gaji, Ubangiji. Na gaji, kuma ina jin kunyar gajiyar.

Juma'a, 27 ga Yuni, 11:30 na safe

Sun zo ƙarfe tara. Yaya da maza biyu daga wancan gidan. Ɗayan yana riƙe da jakar buhu, abin da ke ciki ya yi ƙarar ƙarfe da ya ajiye ta. Yaya bai kalli jakar ba, bai kalle ni ba. Idonsa ya yi ja, na san a hanya ya yi nasa kukan.

Mama ta ga baƙi ta rungume ginshiƙin ƙofa da hannu biyu. Yaya ya durƙusa ya yi mata magana da yarenmu, ya kira ta da duk sunan da ya sani. Ta ce ba ta san shi ba, kuma ba inda za ta sai ta amsa. Maƙwabta sun fara leƙowa. Mai jakar ya ce, "Oga, ka ba mu wuri, mun saba," ya sunkuya zai kwance bakin buhun.

Na ce ya tsaya.

Na ɗauki wannan littafin da biro. Na zagaya na shiga bayan motar, na zauna can ƙurya, na bar ƙofar da ke fuskantarta a buɗe. Na buɗe littafin a cinyata. Na ɗaga murya na kira.

"Margret Tizhe."

Ta saki ginshiƙin. Ta gyara ɗaurin zani, ta tako da ƙafarta mai bandeji har bakin mota, ta tsaya ƙyam, hannu a ƙirji. Ta ja ayarta tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake kalma ɗaya ba. Na nuna mata wuri kusa da ni na ce ta zauna a gurbinta, ta shigo ta zauna, fuskarta ta saki kamar wadda aka sauke wa kaya.

Ta leƙa littafin ta ce, "Malama sakatariya, kin rubuta na zo?"

Na ce na rubuta.

Sannan na fita ta ɗaya ƙofar.